Cefanen Mijin Inna Tumba

Ran nan jikata ta zo mini hutu da ƙawayenta biyu, dukansu masu karatun likita. Ina daga ɗaki ina jin su a tsakar gida suna rabon darussa kamar masu rabon gado, wannan mai wuya ne, wancan shi ke kayar da mutane. Da aka zo kan darasin abinci sai ɗaya ta ce ai wannan sadaka ne, mako biyu ake yin sa, ka haddace mai gina jiki da mai ba da ƙarfi da mai kare cuta, ka je ka kwashi makinka. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Na ce su shigo da tabarmarsu, tunda shekara talatin da ɗoriya na yi ina wannan aikin na sadaka, kuma har na ajiye shi ban gama iya shi ba.

Ni mutuniyar Zurmi ce. Sunana Ige, amma a wurin aiki Malamar Kunu ake ce mini, wasu don wasa, wasu don raini, ni kuwa duka ina amsawa. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka ɗebi mu 'yan mata kaɗan da muka gama firamare aka koya mana awon yara, aka turo ni Shinkafi ƙarƙashin wata Sista Asabe. Gajeruwar mace ce mai faɗa, ba ta san yabo ba. In ka yi aiki ta wuce ba ta ce komai ba, to ka yi daidai ke nan.

Aikin farko da ta ba ni shi ne wankin wandon sikeli. Sikelinmu na ratayewa ne, mai fuska irin ta agogo, muna ɗaure shi a reshen dogonyaro. Ana zura yaro cikin wani wando na yadi mai kauri, a saƙala shi a ƙugiya. Yaro kuwa in ya ji kansa yana lilo a sama, abu na farko kuka, na biyu fitsari. Wanduna shida gare mu, yara kuma ranar Alhamis da kasuwa ke ci ba su ƙirguwa. Kafin a fara awo sai an rataya wandon shi kaɗai an mai da allurar sikeli kan sifiri. Sau ɗaya na manta. Sista ta sa na sake auna yaran nan duka a gaban iyayensu, da rana tsaka, tana tsaye ta riƙe ƙugu. Ban sake mantawa ba har na bar aiki.

Sauran kayan aikin ba su da yawa. Akwai kati mai layi-layi da ake ɗiga nauyin yaro wata-wata, a ga ko yana hawa ko yana gangarowa. Daga baya aka kawo wani ɗan zare mai launi uku na auna damtse. Sai babban yatsanka, wanda ya fi su duka gaskiya: ka danna bayan ƙafar yaro ka ƙirga uku, in ka ɗaga ramin ya zauna, to ruwa ne a jikinsa, ba ƙiba ba. Sai turmi da rariya da tukunyar ƙasa da duwatsun murhu da ludayi. An taɓa kawo mana risho sabo fil, Sista ta kulle shi a kabad. Ta ce in mace ta ga ka dafa abu a kan abin da ba ta da shi a gida, za ta ce abincin asibiti ne, ta yi godiya, ta bar maka shi a nan.

Wata uku na yi ina dama kunu kafin ta yarda na tsaya gaban mata. Kunun da ake ba yara a gidaje tsararo ne, cikin yaro kuwa ɗan ƙarami ne, in ka cika shi da ruwa ya ƙoshi bai ci komai ba. Namu sai ya yi kauri, a zuba garin ƙuli-ƙuli, a kawo cokalin man gyada a juya. Man nan shi ke sa kunu mai kauri ya yi santsi ya wuce maƙogwaron yaro. In na ɗebo na karkata ludayi ya tsiyaye da gudu, sai ta ce, “Kai wa akuya.” Akuyar maigadinmu ta yi ƙiba a hannuna.

Masu zuwa kuwa kowa da irin tasa. Wata za ta ce ƙwai na sa yaro sata, in tambaye ta ɓarayin da ke gidan yari nawa ne aka raina da ƙwai. Wata za ta sauke yaro kumatu sun cika, ƙafa tana sheƙi, tana jiran in ce tubarkalla, ni kuwa in danna ƙafar in ga rami. Amma abin da Sista ta fi nanata mini tambaya ce guda. Ta ce kafin in buɗe baki in koya wa mace komai, in fara sanin wa ke riƙe da ludayin yaron, domin wadda ta goyo shi zuwa awo ba lalle ita ke ba shi abinci ba. Na ji wannan magana har ta gundure ni. Ashe akwai ranar da zan manta ta, har mantuwar ta kusa cin ran ɗan mutum.

Bayan wasu shekaru aka mai da ni Kaura Namoda, ni ce mai kula da abinci a ɗakin yara na wani ƙaramin asibiti. Ku da kuka tashi yanzu ba ku san Kaura ta lokacin gyada ba. Nan jirgin ƙasa ke ƙare tafiyarsa, buhunan gyada jibge a tasha, gida-gida ana tuyar ƙuli-ƙuli, ƙamshi har bakin titi. Aikina a lokacin wasa ne, tunda abin da nake cewa a zuba a kunu yana cikin kowane gida. Sai fari ya zo. Da ruwa ya dawo muka ce mun huta, sai wani ciwo ya faɗa wa gyada, ganye ya murɗe ya yi rawaya, aka tona ba 'ya'ya. Masu tuya suka kife tukwanensu. Ni da duk ilmina ya rataya a kan ƙuli-ƙuli na wayi gari kamar maƙeri ba gawayi. Ɗakin yara ya cika, gado ɗaya yara biyu. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

A wannan shekara aka turo mana Kabiru, ɗalibin likita da ya kusa gamawa, zai yi wata biyu na sanin aikin ƙauye. Ɗan birni ne, mai ladabi, hannunsa da sa'a. Jijiyar da za mu yi ta nema a hannun yaro mu rasa, shi sau ɗaya yake samun ta. Amma ya zo da wani faffaɗan allo na kwali mai hoton ƙwai da nama da kifi da madarar gwangwani da lemo, yana ji da shi ƙwarai. Na tambaye shi tsawon wane lokaci aka koya musu abinci a makaranta. Ya ce 'yan awoyi ne aka matse tsakanin wasu darussa, rabinsu ma sunayen sinadarai ne. Na ce Allah ya sa albarka.

Wata Litinin wani direban babbar mota, Mamman, ya shigo rungume da ɗansa Garba, yaro ɗan kusan shekara biyu. Matarsa Hassi na biye da shi, cikinta ya fito. Yaron ya kumbura tun daga ƙafa har fuska, gashi ya yi ja ya yi laushi, fatar cinya tana saɓulewa. Ko kuka ba ya iyawa sai ɗan gurnani. Muka kwantar da shi, muna ɗura masa madara da sukari da ɗan mai kaɗan-kaɗan, Kabiru yana kula da magani. Kwana goma sha biyu kumburin ya sace, yaro ya fito a yadda yake na gaskiya, fata da ƙashi, amma ya fara karɓar abinci. Da son samu ne da ya ƙara mako biyu. Gado ake nema, aka sallame shi.

Duk kwanakin nan Hassi tana zaune a ƙarshen gado ta juya fuska ga bango. In yaron ya yi kuka da mutane a wurin ba ta ɗaukarsa. In an tambaye ta sunansa sai ta dubi ƙasa. Ni ban ko tsaya tunani ba, na san ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta nuna ta damu da shi a idon mutane. Ranar sallama na gifta da tukunya a hannu na ga Kabiru ya kafa mata allonsa yana ta bayani, ita kuma tana cewa “To, to.” Ya ba ta gwangwanin madarar gari, ya ce su dawo awo bayan mako guda. Na ce a raina yaron nan yana ƙoƙari, na wuce wurin murhu. Tambayar Sista Asabe ba ta ko faɗo mini ba. Wannan laifina ne, ba na Kabiru ba.

Mako ɗaya ya wuce, biyu, uku, ba Garba. Na zaro katinsa in duba unguwarsu, sai na ga Kabiru ya rubuta a gefe da Turanci cewa uwa ba ta kula da yaro. Na sa katin a jaka na nufi gidan Mamman, can bayan tashar mota. Na tarar da Hassi ita kaɗai tana tsintar wake.

“Hassi, ina yaron?”

“Shina Banga.”

“Mi yak kai shi Banga?”

“Can shike, Malama. Tun da cikin ga yah hito anka kai shi yaye wurin Inna. Don asibiti ɗai anka ɗauko shi.”

Inna ita ce Tumba, uwar mijinta. Banga kuwa ƙauyensu ne, can wajen Kaura. Na ce, “Abin da likita yag gaya maki, kin gaya mata?”

Ta ɗago ta dube ni kamar na yi saɓo. “Ni in buɗe baki in gaya ma Inna yadda za ta ba wancan abinci? Da wane ido? Na dai aje mata gwangwanin na taho.” Ta koma kan wakenta. “Maigida yac ce jikin ya koma hawa. Kuma Inna ta rantse ba shi sake zuwa asibiti. Tac ce an kai shi da jikinai, an maido mata ƙashi.”

Kun ji inda aikin yake. Rabin awa aka yi ana koya wa wadda ba ta riƙe da ludayi, ba ta kuma da bakin isar da saƙo. Tsohuwa kuwa a idonta kumburin nan nama ne, mu muka zuƙe shi.

Da na gaya wa Kabiru sai ya zauna a kan benci. Kunyar ɗan fari ya san da ita a baki, amma a gidansu na birni ta zama abin tsokana. Da ya farfaɗo sai ya ce a nemi takarda daga wurin hakimi, a je da dogari a ɗauko yaron ko da ƙarfi, domin kumburi na biyu ya fi na farko kisa. Gaskiya ya faɗa game da kumburin. Na ce masa da dogari zai sami yaro ɗaya sau ɗaya, daga ranar kuma duk Banga za a riƙa ɓoye mana yara a bayan rumbu. Na ce gobe da safe za mu je, ya bar allonsa a gida. Na sa shi ya nemo kwalbar manja, da gishiri, da ɗan sukari, da goro, ya ƙulle a ƙyalle. Ya tambaye ni na mene ne. Na ce cefane.

Da hantsi muka isa. Na bar Kabiru a zaure na yi sallama na shiga. Inna Tumba doguwar tsohuwa ce, mijinta ya rasu, tana sana'ar soyayyar fara da daddawa. Garba na bayanta, ta goya shi da zanenta mafi kyau, layu a wuyansa. Ƙafafunsa da ke reto suna sheƙi, na san ba mu da kwanaki da yawa. Muka gaisa, ta amsa a daƙile. Ta kawo ruwa ta dire.

“In don shi kunka zaka, ku sha ruwa ku koma.”

Na sha ruwan a natse. Na ce, “Wa yac ce don shi? Ƙara anka kawo mamu. Mijinki yak kai ƙararki har Kaura. Yac ce tun da yat tare gidanki bai ci abin kirki ba, kunu tsararo sahe da marece.”

Kun dai san kaka na kiran jikanta miji, su yi ta wasan aure tsakaninsu. To wannan wasa ƙofa ce. Maganar da in ka faɗa wa tsohuwa kai tsaye za ta kore ka da muciya, in ka bi da ita ta nan sai ta shige. Inna Tumba ta dube ni. Na ga gefen bakinta ya motsa.

“Shi wanga ragon? Miji ba noma, ba cehwane, sai kwana bisa bayana? Tun da nike aure ban taɓa gamuwa da irinai ba. Shi ad da bakin kai ƙara?”

“Ai shi ya sa kunya ta kama shi. Ya aiko da cehwane. Ga abokin ango can zaure.”

Aka ce Kabiru ya shigo. Na riga na koya masa a hanya. Ya zo da farar rigarsa ya durƙusa a ƙasa, ya ajiye ƙunshin a gabanta, ya ce, “Inna, ango ya ce a yi haƙuri, ga abin da ya samu.” Tsohuwa ta kwance ƙyallen ta ga manja da goro, ta yi dariya har ta dafa turmi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Sai ta kwanto yaron ta ɗora a cinya, dariyar ta ɗauke. Ta ce, “Malama, ba shi ci. Mi ab ban yi ba?” Ta lissafa mini rubutun sha da jiƙo da hayaƙi. An ce mata nonon ciki ya sha, an kuma ce maiƙo na ƙara ciwon, don haka ta hana shi duk abin da ke da mai, sai ruwan kunu. Gwangwanin madara yana can saman jeren ƙoranta ba a ko buɗe ba, ta zaci na jaririn da ke tafe ne. Tsohuwar nan ko barcin kirki ba ta yi saboda yaron, idonta ya nuna.

Ban yi mata wa'azi ba. Na kama yatsanta na danna a damtsenta, na ce ta duba. Sannan na danna shi a bayan ƙafar Garba, muka ƙirga uku, muka ɗaga. Ramin ya zauna. Na ce, “Inna, nama na yin haka?” Ta sake dannawa da kanta a ɗaya ƙafar. Ta daɗe tana kallo.

“Ruwa na,” ta ce a hankali.

Na ce, “Matar kirki ba ta barin miji shi yi jinya shi ɗai. Wancan karo mu munka dahwa mai, ba mu iya ba. Ki taho ki dahwa mai da hannunki.”

Ta yarda, amma da sharaɗi biyu. Ba abin da zai shiga bakinsa sai daga hannunta, kuma duk abin da za a ba shi sai abokin ango ya fara ɗanɗanawa a gabanta. Ni ma na kafa nawa. Na gaya mata tun a nan cewa zai sake ramewa kafin ya yi jiki, ruwan ne zai fita, kada ta gani ta gudu. Ta ɗaure kayanta, ta ɗora wa Kabiru buhun fararta a ka, wai ba za ta bar wa ɓeraye ba.

Kwanakin farko sun yi wuya. Yaron yana gudawa, jikinsa yana sanyi, cokali biyu sai ya kau da kai. Inna Tumba tana ba shi madarar da muke haɗawa bayan kowace awa biyu, Kabiru yana kurɓa kafin kowane kofi, har masu jinya suka sa masa suna Maɗanɗani. Rana ta biyar allurar sikeli ta sauka sosai, haƙarƙari suka fito. Ina wurin murhu aka ce tsohuwa ta ɗaure kayanta. Kafin in iso na tarar Kabiru ya zauna a ƙasa kusa da ita, ba allo ba Turanci, ya kama yatsanta ya danna a ƙafar yaron. Ba rami. Ya ce, “Inna, ai Malama ta gaya miki. Ruwan ne ya tafi, yanzu saura naki aikin.” Ta kwance kayan. Ni kuwa na koma wurin tukunyata, ban ce komai ba, irin na Sista Asabe.

Saura matsala ɗaya. Madararmu ta kusa ƙarewa, ga yara cike da ɗaki, ga ba ƙuli-ƙulin da zan ce a koma kansa. Wata rana da la'asar Inna Tumba tana zaune tana taunar fararta, sai Garba ya miƙa hannu. Abu na farko ke nan da ya nema da kansa. Kabiru ya yunƙura zai hana, sai ya tsaya. Ya juyo ya ce mini, “Malama, ai fara nama ce. Ba ta dai cikin allona.” Shekara nawa ina wuce masu tallar fara a bakin tasha, ban taɓa kallon ta da wannan ido ba.

Washegari muka zauna mu uku. Aka cire ƙafafu da fukafukai saboda ƙaya, aka ƙara gasa ta ta bushe ƙarau, aka daka, aka tankaɗe da rariya mai laushi sau biyu. Aka soya wake sama-sama, aka surfe, aka niƙa. Ƙullun gero, ludayin garin wake a dafa shi ya nuna sosai, rabin ludayin garin fara, cokalin manja, ɗan sukari. Kunun ya fito wani launi da ba zan yabe shi ba. Inna Tumba ta ɗebo ta miƙa wa Kabiru, wanda tun da aka haife shi bai taɓa sa fara a baki ba. Duk ɗakin aka zuba masa ido. Ya rufe ido ya shanye, ya ce akwai daɗi, hawaye na zubo masa. Garba ya sha rabin kofi, ya huta, ya buɗe baki a ƙara. Kafin mako ya ƙare Inna Tumba ce ke tsaye gaban murhu tana koya wa sauran mata, tana zagin wadda kununta ya tsinke. Tsofaffi da ba su taɓa saurarona ba suka saurare ta. Wannan kunu shi ya fitar da mu shekarar.

Akwai wani abu da ke faruwa tun ranar da muka dawo daga Banga. Kowace safiya sai a tarar da 'yar ƙwarya a tagar ɗakin, an rufe da faifai, dafaffen nonon akuya a ciki, da ɗuminsa. Kabiru ya tambaye ni wa ke kawowa. Na ce ya zo da wuri gobe ya tsaya bayan ƙofa. Ya zo. Ya ga Hassi da tsohon cikinta ta tako tun daga bayan tasha, ta ajiye ƙwaryar, ta ɗauki ta jiya, ta leƙa ta tagar sau ɗaya, ta juya da sauri. Ba za ta shigo ba, ga surukarta a ciki, ga ɗan fari. Ya daɗe bai fito daga bayan ƙofar ba.

Ranar awo ta uku aka rataya wando, na mai da allura kan sifiri, aka zura Garba. Allurar ta wuce inda ta tsaya wancan mako, ta ƙara wucewa. Na danna ƙafa, ba rami. Wannan karo nama ne. Yana lilo a sama, maimakon kuka sai ya dubi kakarsa ya washe baki. A aikinmu, yaro mai tamowa irin ta Garba in ya yi murmushi to ya tsallake. Inna Tumba ta ce, “Dubi ragon, ya ƙoshi ya hwara yi mani hwari da ido.” Ni dai na zauna a kan turmi na yi hamdala. Tun ranar da na ga katin nan ban ci abinci ya yi mini daɗi ba sai a wannan rana.

Na hango Hassi a bakin taga, ta juya baya kamar mai jiran wani. Kabiru ya buɗe baki zai kira ta, na take masa ƙafa. Na mai da yaron ƙaramin ɗakin da muke ajiye kayan awo, na kwantar da shi a tabarma. Na ce, “Inna, zo ki duba mani wutar ga, ta ƙi kamawa. Likita, kawo mamu icce.” Da na gifta ta gaban Hassi na ce mata, ba tare da na dube ta ba, “Shiga ki ɗauko mani rariya.” Na saki labule.

Murhun yana jikin bangon ɗakin. Muna tsugune mu uku muka ji ta. Muryar ƙasa-ƙasa ce. “Ɗana,” take cewa. “Ɗana. Ɗana.” Yaron yana ƙyalƙyala dariya.

Kabiru ya zaro katin daga aljihu, ya soke layin nan da ya rubuta, ya yi ta sokewa har biro ya huda takardar. Yau babban malami ne a makarantar likitoci, an ce mini tambayar farko da yake wa ɗalibansa a gaban gadon yaro ita ce wa ke riƙe da ludayi. Ku je ku kwashi makinku na sadaka, ban hana ku ba, amma ku tafi da wannan tambaya.

Inna Tumba kuwa ta ji abin da muka ji sarai. Ta sunkuya tana hura wutar da ta riga ta kama, tana goge fuska da gefen zane.

“Iccen ga ɗanye na,” ta ce. “Hayaƙi dut ya cika mani ido. Ku bar yarinya ta nemi rariyar a hankali, ba sauri mukai ba.”